Lamuni ko Iltizami? Suka kan Fahimtar Alƙawarin Ɗaukar Asara a Hayar Wuraren Kasuwanci

Idan kamfani ya nemi hayar kanti ko ɗakin ajiya, mai gini yakan buƙaci ɗaya daga shugabannin kamfanin ya sa hannu da sunansa cewa zai ɗauki duk asarar da hayar ta jawo. Ranar da kamfanin ya karye, wannan sa hannun ne ke kai gidan mutum da gonarsa gaban alƙali. Ra'ayin da ya fi saurin zuwa bakin ɗalibai shi ne cewa wannan kafala ce, wato lamuni, kuma hadisin Abu Umama da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya riga ya ɗora biya a kan mai lamuni. Hujjar ingantacciya ce, sai dai an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Irin wannan takarda ta samo tsarinta daga dokar Ingila, wadda ta bambanta alƙawari iri biyu. Na farko tsayawa ne ga bashin wani, yana rayuwa da rayuwar bashin, yana faɗuwa da faɗuwarsa, kuma dokar 1677 ta wajabta a rubuta shi. Na biyu, wato ɗaukar asara, nauyi ne mai cin gashin kansa, yana iya wanzuwa ko da an kasa kama ɗan haya da komai. Lamuni a fiƙihu ya dace da na farko kaɗai, domin reshe ne mai bin tushe. A Mukhtasar na Khalil, ɓacin abin da aka lamunta yana ɓata lamunin. Haka nan maganar Imamu Malik ta ƙarshe ita ce ba a bin mai lamuni matuƙar wanda ake bi yana nan kuma yana da wadata, sai in an gindaya sharaɗi. Majallar Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da aka kammala a 1876 bisa mazhabar Hanafiyya, ita ce ta ba mai bin bashi zaɓin kama wanda ya ga dama. Saboda haka wanda ya kira takardar kafala, sannan ya tilasta biya bayan hayar ta ɓaci, ya saɓa wa babin da ya dogara da shi.

Babin da ya fi kusa da mas'alar shi ne iltizami, wanda Al-Haɗɗab (ya rasu 954 B.H.) ya keɓe wa littafinsa Tahrirul Kalam. Malikiyya suna lizimta wa mutum alherin da ya wajabta wa kansa, muddin bai mutu ko ya talauce ba. Ta nan ake iya tilasta wa shugaban kamfani biyan kuɗin hayar da ya taru da gyaran abin da aka lalata.

Amma iltizami ma yana da iyaka uku. Ba ya halatta ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya, domin riba ce. Ba ya tsamo hayar da aka ƙulla don haram, kamar sayar da giya. Kuma kuɗin haya musayar amfani ne. Idan mai gini ya karɓe makullinsa, babu dalilin neman kuɗin watannin da ba su zo ba. A wannan gaɓar kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani ta kusanci fiƙihu a shari'ar Hindcastle ta 1996: karyewar kamfani ba ta sauke wa mai lamuni nauyi, amma karɓe ginin yana yanke kuɗin gaba.

Abin da ya wajaba ga alƙali da mufti shi ne su karanta lafazin takardar kafin su raɗa mata suna, domin hukuncin ƙulle-ƙulle yana bin manufa da ma'ana. Allah ne Mafi sani.