Taɓarya Uku a Turmi Ɗaya

Faɗin bakin turmi bai kai kamu ɗaya ba, ƙasan raminsa kuwa ya fi haka tsukewa nesa ba kusa ba. Duk da haka, a ƙauyukan Tofa, daga Lambu zuwa Doka, mata uku kan kewaye shi, kowacce da taɓaryarta mai nauyi, su yi ta saukewa a wuri ɗaya cikin sauri, ba tare da wata taɓarya ta gogi 'yar'uwarta ba. Wannan shi ne lugude. A ƙasa irin ta Tofa, inda gona ke manne da gona, unguwa na hangen unguwa, sautin yakan tsallake danga ya kai har gidan maƙwabta. Mai wucewa kiɗa yake ji, su kuwa abincin gida suke yi, kuma dole ne duka biyun su yi kyau.

Tun daga wajen masassaƙi sautin yake farawa. Itace mai tauri ake nema, irin su ƙirya, wadda maƙera ma ke son gawayinta, domin itace mai laushi ba ya jure duka, ba ya kuma amo. Masassaƙi zai yanki gungume, ya fafe cikinsa da gizago, ya bar gindi mai kauri da zai ɗauki nauyin bugu. Zurfin ramin ne ke hana hatsi tsalle waje, shi ne kuma ke ba turmi muryarsa: mai zurfi gunji yake yi, marar zurfi kuwa ƙararsa sama-sama take. Taɓarya kai biyu gare ta, tsakiyarta siririya, kuma sai ta sha aiki, tafin hannu ya goge ta ta yi santsi, kafin ta yi daɗin riƙo. Macen da ta san daka ba ta dasa turmi ko'ina. Takan nemi ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangare, ta yi ta juya shi har ya zauna daram, saboda turmin da ke rawa yana cinye ƙarfin bugu, yana kuma rikita lissafin masu dakan.

Aikin kashi-kashi ne, kowanne da irin bugunsa. In an fito da damin gero daga rumbu, sussuka ce farko: a cusa zangarniya a turmi a buga har ƙwaya ta rabu da ita. A sheƙe a iska, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna. Sai surfe, wato raba ƙwaya da dusarta, kuma a nan gwaninta ke fara bayyana. Ana yayyafa ruwa kaɗan, daidai yadda bayan ƙwayar zai yi laushi ya saɓule, cikinta kuwa ya zauna da ƙarfinsa. In ruwan ya yi yawa hatsi ya caɓe, in ya yi kaɗan ƙwaya ta farfashe dusa ba ta fita ba. Bugun surfe ba na nuna ƙarfi ba ne. Taɓarya na sauka da ɗan karkace, tana sa ƙwaya ta gogi ƙwaya, hatsin ya taso ta gefe ya gangaro tsakiya da kansa. Gwanar surfe ba ta yawan leƙa turmi, kunne ne ke yi mata aiki. Da fari sautin yana da kaushi, yana ƙaras-ƙaras. Yayin da dusa ta fara fita sai ya yi taushi, ya dushe. A lokacin ne za ta ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta hura, ta tabbatar. Daga nan sai bakace a faifai, a wanke, a ajiye ƙasari don dabbobi, a bar hatsi ya tsane, a mayar da shi turmi a daka gari, a tankaɗe a rariya, tsakin da ya rage ya sake komawa. In fura za a yi, akwai kirɓi a ƙarshe bayan an dafa dunƙulen, bugu mai nauyi da danƙo wanda taɓarya ke fitowa daga cikinsa da ƙyar.

Lugude kuwa ga yadda yake haɗuwa. Mace ɗaya ce ke farawa, galibi babbar cikinsu. Za ta yi 'yan bugu ita kaɗai, kuma a cikinsu ta riga ta faɗi saurin da za a bi. Ta biyu ba ta shiga da ka. Takan riƙe taɓaryarta tana saurare, jikinta na ɗan rausaya da bugun, sai ta ji tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta zauna mata, sannan ta sauke tata daidai tsakiyar tazarar, a daidai lokacin da taɓaryar ta farko ta kai ƙololuwar tashinta. Ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. In ta uku ta shigo, tazarar sai a raba ta gida uku, kuma abin mamakin shi ne, kowacce na iya ɗan sassauta hannunta amma jimillar sautin ya ƙara yawa da armashi. Hanyar fita ma da ilminta: kowacce tana janyo taɓaryarta ta wajen ƙirjinta, ta bar tsakiyar turmi a buɗe ga mai zuwa. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Gwiwa da baya ne ke ɗagawa, a saukowa kuwa nauyin taɓaryar ake bari ya yi aikin, hannu saiti kawai yake yi. Wadda ta ce da dantse za ta daka, kafin a gama kwano ɗaya ta fara haki.

Sai an zauna a kan wannan harsashi ake fara ado. Wata za ta ƙwanƙwashi bakin turmi da taɓarya a kan hanyarta ta tashi, ta fitar da sauti siriri a tsakanin masu kauri. Wata ta yi mama: ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau ɗaya ko sau biyu, ta cafe, ta sauke ta a gurbinta ba gaba ba baya. Tsawon cillin shi ne ma'aunin lokacinta. In ta cilla da nisa ta makara, in ta rage ta faɗa kan bugun wata, don haka hannunta ya san daidai ƙarfin da zai ba itacen a irin wannan saurin, kuma in sauri ya canza, cillin ma ya canza. A kan wannan duka ake ɗora waƙar daka, ta yabon ɗa ko ta habaici ga kishiya, numfashi na fita tare da saukar taɓarya. Yarinya takan fara koyo a ƙaramin turmi, kuma gyaran da take yawan sha daga uwa ko goggo shi ne: “Bar kallon hannuna, 'yar nan, saurara.” Wadda ta saba zillewa in an fito da turmi ba ta da wurin ɓuya ranar biki, domin gurbin da ta bari ana jin sa daga waje.

Bahaushe ya daɗe da haɗa sana'a da kiɗa. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma kuwa ita ke tura 'yan gayya a kunya. Amma a duk waɗannan makaɗi daban ne, ma'aikaci daban. A lugude kayan aikin ne abin kiɗan, kuma a ganina wannan ya sa ya fi su kusa da wani abu da ya faru a can nesa.

A 1973, a Sheffield, birnin masana'antun ƙarfe na Ingila, wasu samari uku, Richard H. Kirk da Stephen Mallinder da Chris Watson, suka kafa ƙungiyar Cabaret Voltaire. Rikoda ce babban makaminsu. Sukan ɗauki sauti kowane iri, su yanki guntun zaren da ya ɗauke shi da reza, su haɗa bakinsa biyu da salatif, kamar dai yadda muke liƙe zaren kaset a da in ya tsinke, sai dai su zobe suke yi da shi. In aka ɗora zoben a kan rikoda sai ya yi ta zagayawa, sauti ɗaya na dawowa a kan ma'auni ɗaya. Tsawon guntun shi ne tsawon zagayen, don haka in reza ta kauce kaɗan, bugun ya gurgunce. Su da ƙungiyar Throbbing Gristle, wadda ta kafa kamfanin Industrial Records a 1976, su ne ginshiƙan salon da aka sani da kiɗan masana'anta. A Berlin ta Yamma kuma, daga 1980, 'yan ƙungiyar Einstürzende Neubauten suna dukan tarkacen ƙarfe a matsayin ganguna.

Kiɗan tekno kuwa a Detroit ta Amurka aka haife shi, birnin ƙera motoci, a tsakiyar shekarun 1980, a hannun samari baƙar fata irin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, masu aiki da na'urorin ganga na kamfanin Roland, wato TR-808 da TR-909. Sun fi shan nonon ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka. Amma da tekno ya ƙetara Turai, ya tarar da kunnuwan da kiɗan masana'anta ya riga ya shirya, waɗanda suka yarda cewa maimaita bugu a kan ma'auni ya isa ya riƙe mai rawa ko da babu baiti. Kirk da kansa ya shiga ciki: a 1990 shi da DJ Parrot, da sunan Sweet Exorcist, suka fitar da “Testone” a kamfanin Warp na Sheffield, faifan da ke cikin na farko-farkon teknon Ingila.

A nan Kano kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama gangar waƙoƙin finafinai da na nanaye, yanzu kuma kwamfuta ta karɓi mafi yawan aikin. Mai haɗa kiɗa a situdiyo zai buɗe manhaja irin FL Studio, ya fara da saita sauri, wato bugu nawa a minti. A gabansa akwai layuka, kowane layi na sauti ɗaya, kowanne an raba shi gida 16. In tekno yake so, sai ya kunna babbar ganga a gida na 1 da na 5 da na 9 da na 13, ya cusa siraran sautuka a tsakaninsu. In kiɗan rawar gida yake nufi, sau da yawa sai ya mayar da gidajen 12, ya raba su uku-uku, irin rabon da taɓarya uku ke yi. Tsarin aikinsa shi ne na masu lugude: a kafa bugu mai kauri, a nemo tazara, a zaunar da na biyu a ciki, ado ya zo daga baya. Wahalarsa daban ce. Na'ura ba ta kuskure, saboda haka abin da ta fitar yakan zo a sandare. Gwani sai ya bi bugun ɗaya bayan ɗaya, ya rage wa wannan ƙarfi, ya matsar da wancan baya da ɗan abin da ido ba ya gani, har kiɗan ya fara numfashi. Ina girmama mai wannan haƙurin, domin akwai masu ɗauko shiryayyen kiɗa daga intanet su ɗora murya, kuma kunne na rarrabewa.

Injin niƙa da na surfe sun ɗauke wa matan karkara nauyi mai yawa, kuma babu mai tausayin bayansu da zai so a koma jiya. Lugude ya ragu, amma yana fitowa ranar biki da suna, da wajen dakan yajin mai jego, da kirɓin fura. Mai situdiyon da ke son sautin da ba shi cikin fiyano, tafiya ce kaɗan daga Kano ta hanyar Gwarzo. Ya nemi izinin masu gida da na matan kansu, ya kuma biya su kamar yadda zai biya makaɗi. Ya ajiye makirufo ɗaya kusa da gindin turmi don gunjin, ɗaya a sama don tafi da ƙwanƙwasa. Ya ɗauka tun daga farkon surfe har ƙarshe, saboda muryar turmin na canzawa da canjin hatsin. In ya koma kan kwamfuta, kada ya bar manhaja ta jawo bugunsu ta daidaita shi da gidajenta. Ya auna saurinsu tukuna, ya saita na'urar a kai, sannan ya ɗora sauran kayan kiɗan.