Ɗan Daudun Cikin Littafi da Matar da Muka Manta

Duk wadda ta taɓa buga littafi da kuɗin adashenta ta san yadda azumi yake a wurinmu. Zarya ake yi tsakanin gida da maɗaba'a don littafi ya fito kafin Sallah, lokacin da 'yan mata ke da ɗan kuɗin barka da Sallah a hannu, a dawo daga kallon hawa a Ƙofar Soro a miƙe ƙafa a karanta. Turawa ma haka suke yi da Kirsimeti, gajerun littattafan soyayya suke zubawa kasuwa, har da waɗanda soyayyar cikinsu ta namiji da namiji ce. Mu nan babu mai yin haka. Addininmu ya hana abin, kuma tun Janairun 2014 da Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ne ke kan waɗanda suka ƙulla irin auren. Ba wannan na zo tayarwa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda mu marubuta muke sa ɗan daudu a labari. Ni ma na yi. A wani ɗan littafina na Sallah na sa shi yana suyar kaji a gidan biki, yana karairaya yana tafa hannu, yana kai saƙon Alhaji wurin 'yan mata. Da na rasa yadda zan yi da shi, sai na kashe shi a haɗarin mota. An yi dariya, littafi ya saidu. Bayan Sallah wata baiwar Allah ta zo har gida, ta yaba littafin, sai da ta tashi tafiya ta ce, "Anti, shi wannan ba shi da mata ne?" Wallahi kasa amsa mata na yi. Idonta kawai na kalla na gane ba don littafi take tambaya ba.

Kuma tana da gaskiya. Da yawansu suna da aure da 'ya'ya, kuma ba kowane ɗan daudu ne mai neman maza ba, kamar yadda ba kowane mai neman maza ne ke karairaya ba. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya fitar da littafi a kansu a 2009. Mu da muke sayen waina a hannunsu ba mu taɓa tambayar wa ke jiransu a gida ba.

Daga baya na sami littafin Jude Dibia, Walking with Shadows, na 2005, na lallaɓa da ɗan Turancina na sakandare. Adrian magidanci ne a Legas, da matarsa Ada da 'yarsu. Wani da ya rasa aiki ta dalilinsa ya je ya tona wa Ada cewa mijinta ya taɓa harka da maza. Ni ba Adrian ne ya riƙe ni ba, Ada ce. Marubucin ya bar ta ta yi fushi, ta ji kunya, ta zauna tana lissafin shekarun aurenta tana tambayar kanta wanne ne gaskiya a ciki. Nan kam ya fi mu nesa ba kusa ba.

Amma ina da ƙorafi. Mutanen littafin duk masu hali ne, wani lokacin ma hirarsu kamar lacca. Ada tana da inda za ta dafa. To ita matar da ke Ƙofar Ƙaura fa, mai 'ya'ya biyar, wadda in ta je gida za a ce ta koma ɗakinta ta yi haƙuri, kuma abin da ke cinta ba ya faɗuwa ko a gaban uwa? Balaraba Ramat Yakubu ta nuna mana hanya tun 1990 a Alhaki Kuykuyo Ne, da ta ɗauki Rabi, matar da miji ya kora, ta mai da ita uwar labari, tana sayar da abinci tana riƙe 'ya'yanta.

Shi ya sa bana ba ku gan ni a kasuwa da Sallah ba. Na koma kan tsohon littafin nan ina sake shi daga bakin matar. Na kai shafi na 40, inda ta shiga ɗakin mahaifiyarta ta zauna a bakin gado, kuma yau wata biyu ke nan ban samo abin da za ta fara cewa ba.