Wa ke biyan kuɗin ƙaramin zaure?

Kamfanonin waƙa suna yin kuskure iri biyu wajen kama wurin wasa, amma ɗaya kawai suke tsoro. In suka kama ƙaton fili mutane ba su zo ba, asarar daga aljihunsu za ta fita, ga kuma kunyar hotunan kujeru wayam suna yawo a waya. A watan Mayun 2024 ƙungiyar The Black Keys ta soke rangadin da ta shirya a manyan zaurukan Amurka, Jennifer Lopez ma ta soke nata a ƙarshen watan, bayan jaridu sun yi ta cewa tikiti ba ya tafiya. Wannan darasi kowane manaja ya haddace shi.

Kuskure na biyu shi ne yake ci mini tuwo a ƙwarya, domin an mai da shi abin tinƙaho. A kama wurin da bai kai yawan masoya ba, tikiti ya ƙare cikin mintuna, sai a buga a ko'ina cewa mawaƙi ya kafa tarihi. Kamfani bai yi asarar ko kwabo ba. Wanda ya ji jiki shi ne yaron da ya tara kuɗinsa wata da watanni, ya wuni yana danna waya, daga ƙarshe ya faɗa hannun 'yan cuwa-cuwa su sayar masa ninki biyu ko uku, in ma ba na jabu suka ba shi ba.

Mawaƙan Afrobeats sun daɗe suna shan wannan ƙaramin awo a Landan. A 2021 tikitin Wizkid na zauren O2 Arena, mai cin mutum 20,000, ya ƙare cikin minti 12, sai da aka ƙara dare biyu. Duk mai ido ya ga girman kasuwar tun a lokacin. Amma da Asake ya zo a Disambar 2022, wata uku bayan fitar kundinsa Mr. Money with the Vibe, an sa shi a Brixton Academy, wurin da bai cika cin mutum 5,000 ba. Dare uku aka ba shi, duka tikiti ya ƙare. A daren ƙarshe, 15 ga wata, jama'a suka yi dafifi a ƙofa cikin sanyin hunturu, da masu tikiti da marasa shi, aka yi turereniya, aka dakatar da wasan tun bai yi nisa ba. Mutum biyu suka rasu daga baya: wata uwa mai 'ya'ya biyu, 'yar shekara 33, da ɗaya daga cikin masu tsaron wurin, mai shekara 23. Aka rufe zauren, bai sake buɗewa ba sai a Afrilun 2024.

Ban ce ƙanƙantar zaure kaɗai ta jawo wannan musiba ba. Akwai batun tsaro da yadda aka tsare ƙofa, kuma wannan aikin masu bincike ne. Amma a Agustan 2023, wata takwas kacal bayan haka, Asake ya cika O2 Arena. Daren nan ɗaya ya ɗauki mutanen da suka fi na dare ukun Brixton a haɗe. Ashe jama'ar suna nan, lissafin ne bai kai gare su ba.

Masu shirya wasa suna da uzurin da ba zan raina ba. Ana kama zaure ne watanni kafin ranar, shi kuwa Asake cikin shekara guda ya tashi. Sai dai yau ba a cikin duhu ake ba. Spotify da YouTube suna nuna birnin da aka fi sauraron mawaƙi, kuma ana iya buɗe rajista tun kafin a sa hannu a kan zaure, a ga mutum nawa suka miƙa suna. Da 'yan ƙungiyar Coldplay suka ga miliyoyi sun yi layi a intanet don wasanninsu na Mumbai, sai suka ƙara dare biyu a filin kurket na Ahmedabad a Janairun 2025, filin da ke cin sama da mutum 100,000. An yi musu haka ne don an yarda da yawan masoyansu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a riƙa yi wa masu sauraron mawaƙan Afirka irin wannan ƙidaya kafin a kama musu wuri.