Sharhi a Kan Jagoran Calgary-Cambridge na Koyar da Likitoci Ganawa da Majiyyaci

A shekarar 1996 ne Suzanne Kurtz ta Kanada da Jonathan Silverman na Ingila suka fitar da jagoran Calgary-Cambridge, wanda makarantun likitanci da dama suka ɗauka a matsayin madubin koya wa ɗalibi yadda zai gana da majiyyaci. Jagoran ya kasa ganawar zuwa matakai, tun daga buɗe zance da tattara bayani har zuwa tsara magani da sallama. Babbar fa'idarsa ita ce mayar da sauraro darasin da za a koyar kuma a jarraba. Buƙatar hakan a fili take, domin binciken Beckman da Frankel na 1984 a Amurka ya nuna cewa likita kan katse majiyyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara maganarsa.

Sai dai mun lura cewa an gina jagoran bisa zaton likita da majiyyaci harshensu ɗaya, al'adarsu ɗaya. A Zariya da Kano da Sakkwato kuwa, da Ingilishi ake karantar da ɗalibi, alhali da Hausa mafi yawan majiyyata za su yi masa bayani. Bahaushe ko yana kan gargara, in an ce masa "yaya jiki?" zai ce "da sauƙi". Kalmar "sanyi" na iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar al'aura da kunya ta hana a ambata. Likitan da bai bi diddigin ma'anar ba, sai ya rubuta maganin cutar da babu ita, mai cutar ya koma gida da abarsa.

Bugu da ƙari, jagoran ya ƙarfafa haɗa ido, alhali a wurinmu sunkuyar da kai ladabi ne. Haka kuma bai wadatar ba game da matar da mijinta ko surukarta ke amsa tambaya a madadinta.

Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarar su riƙe matakan jagoran, amma su haɗa malaman harshe da likitoci su tsara darasin Hausar asibiti, a kuma jarraba ɗalibi da Hausa a gaban wanda ke kwaikwayon majiyyaci kafin a miƙa masa na gaske.