Sarauniyar Aji da 'Yan Kanzaginta: Fim Ɗin Mean Girls a Idon Iyaye

A shekarar 2002 wata malama 'yar Amurka, Rosalind Wiseman, ta fitar da littafi mai suna Queen Bees and Wannabes. Ba labari ba ne, jagora ne ga iyayen 'yan mata, bayan ta daɗe tana shiga makarantu tana sauraron yadda ɗalibai ke ƙulla ƙawance su kuma wargaza shi. Ta fayyace cewa kowane gungu yana da sarauniyarsa, da ta hannun damanta, da mai tara asiran kowa don ta kashe su ranar da take so, da wadda ake yi wa taron dangi. Tina Fey, wadda a lokacin ita ce shugabar marubutan shirin barkwanci na Saturday Night Live, ta ɗauki wannan littafin nasiha ta mai da shi fim ɗin ban dariya. Mark Waters ya ba da umarni, aka saki Mean Girls a Afrilun 2004. An kashe kimanin dala miliyan 17, fim ɗin ya kawo kusan miliyan 130.

Fiye da shekara ashirin ke nan, yara suna kallonsa har yau, ciki har da namu, a waya da tauraron ɗan adam, hanyar da ba ta bi ta gaban Hukumar Tace Fina-finai ta Kano.

Irin waɗannan fina-finai suna da tsohon tsari. John Hughes ya tara ɗalibai biyar daga gungu daban-daban a ɗakin horo a The Breakfast Club na 1985. Amy Heckerling ta yi Clueless a 1995. She's All That na 1999 ya ɗauki yarinyar da ba a kulawa, ya cire mata tabarau, ya canja mata sutura, sai ga ta abar kallo. A da yawa daga irinsu akwai wani da ke gefe yana son shiga cikin manya, sai ya sauya kama da hali, ya yi watsi da abokan arziki, ya ji kunya a bainar jama'a, sannan ya dawo hankalinsa a daren rawar ƙarshen shekara. Mean Girls bai kauce wa wannan hanya ba. Abin da ya fi su shi ne kaifin ido.

Cady Heron, wadda Lindsay Lohan ta fito a matsayinta, 'yar shekara 16 ce. Iyayenta masu binciken dabbobi ne, a gida suka koyar da ita a Afirka, sai suka koma jihar Ilinoi, ta shiga makarantar North Shore. (Afirkar fim ɗin ba ta da sunan ƙasa, namun daji kawai ake tunawa da ita, kuma yaron da ke kallo daga Zariya ko Maraɗi ya cancanci a nuna masa wannan raini, a sabon fim ɗin da aka sake yi a 2024 kuwa an ce Kenya.) Tun ranar farko ta rasa wurin zama, ta ci abincinta a banɗaki. Janis da Damian, waɗanda su ma 'yan gefe ne, suka zana mata taswirar ɗakin cin abinci, kowane tebur da mutanensa. Suka kuma zuga ta ta shiga gungun Regina George, sarauniyar 'yan matan makarantar, don ta riƙa kawo musu rahoto.

A nan fim ɗin ya yi aikin da ya cancanci yabo. Regina ba ta dukan kowa. Takan yabi siket ɗin yarinya a gabanta, da ta juya baya ta kushe shi. Akwai kiran waya na mutum uku, inda ake jan bakin ɗaya ta zagi wadda ke sauraro a ɓoye. Akwai dokar sa ruwan hoda ranar Laraba, da dokar cewa wadda ta saɓa ba za ta zauna a tebur ba. Akwai wani kundi da suke liƙa hotunan 'yan aji suna rubuta musu ƙazafi. Masu nazarin halayyar yara, Nicki Crick da Jennifer Grotpeter, sun yi rubutu a 1995 kan wannan nau'in zalunci na gulma da wariya da janye ƙawance, suka nuna cewa cutarwa ce ta gaske ko da ba a ɗaga hannu ba. Uwa da ta yi makarantar kwana ba ta buƙatar a fassara mata wannan. Abin da fim ɗin ya ƙara shi ne yadda mai kirki ke rikiɗewa: Cady ta shiga don leƙen asiri, ta yaudari Regina da abincin ƙara ƙiba a matsayin na rage ƙiba, ta raba ta da saurayinta da ƙawayenta, kafin ta ankara ita ce sabuwar sarauniya.

Sai dai akwai matsalar da wannan nau'in fim bai taɓa warwarewa ba. Yana sayar da abin da yake tsinewa. Cikin minti 97, mafi yawan lokaci kyamara tana lallashin Regina: motarta, ɗakinta, takunta a barandar makaranta, maganganunta masu sa dariya. Tuba tana zuwa a gurguje, bayan motar makaranta ta buge Regina, Cady ta kakkarya kambun sarauniyar rawa ta rarraba. Masoyan fim ɗin har yau suna sa ruwan hoda ranar Laraba, suna bikin fim ɗin ranar 3 ga Oktoba, kuma kalaman Regina aka fi haddacewa. Babba yana gane cewa ba'a ake yi mata. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana iya ɗaukar ta a matsayin abin koyi.

Shi ya sa alamar PG-13 da ke jikin fim ɗin ba ta wadatar ba. Masana'antar fim ta Amurka ce ta ƙirƙiro ta a 1984, ma'anarta iyaye su yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13, kuma ba ta hana kowa kallo. Ma'aunin Amurkawa ne, ba na gidan Malam Bahaushe ba. Mai son sanin abin da ke ciki, ga shi ba rufa-rufa: matasa suna shan giya a shagali, Cady ta bugu har ta yi amai, 'yan mata suna zuwa bikin Halowin da kayan da ba su rufe jiki ba, barkwancin batsa yana da yawa, malamin wasanni yana lalata da ɗalibai, an kuma mai da hakan abin dariya, Damian ɗan luwaɗi ne a fili, kuma ƙazafin maɗigo ne tushen gabar Janis da Regina. Gidan da ya ce ba za a kalla ba yana da hujjarsa. Gidan da ya gano an riga an kalla, faɗa kaɗai ba zai goge shi ba, gara a zauna a tambayi yarinya wace ce Reginar ajinsu, ita kuma a wane tebur take.

Manyan cikin fim ɗin su ne darasin da aka yi domin iyaye. Mahaifiyar Regina, wadda Amy Poehler ta fito a matsayinta, so take a ɗauke ta ƙawa: tana kawo wa 'yan matan abin sha, tana cewa in giya suke so gara su sha a gida, ƙaramar 'yarta kuma tana gaban talabijin tana kwaikwayon rawar da ta fi ƙarfin shekarunta. Iyayen Cady mutanen kirki ne, amma ba su san duniyar da suka jefa ta ba, sai can daga baya suka gano har makinta ya faɗi.

Makin nan shi ne abin da ya fi ciwo. Cady gwana ce a lissafi, amma ta riƙa faɗuwa jarrabawa da gangan don Aaron Samuels, saurayin Regina, ya koya mata. Malamarta Ms. Norbury, wato Tina Fey da kanta, ta lura aikin daidai yake, amsar ce kawai ake ɓatawa, ta kira ta gefe ta gaya mata kada ta dusashe kanta saboda namiji. Cady ta ji haushi, ta rubuta a kundin cewa malamar tana sayar da ƙwaya, har 'yan sanda suka bincike gidanta. Da Cady ta amsa laifinta, malamar ta hukunta ta da shiga ƙungiyar gasar lissafi da ta guje wa tun farko don kada a yi mata dariya. Cady ce ta amsa tambayar ƙarshe, makarantar ta ci gasar jiha.