Raha da Ciwon Waswasi a Babin Farko na *Three Men in a Boat*: Tarke da Shawara ga Masu Tsara Manhaja

Daga cikin matanonin ƙetare da muka duba domin ganin ko za su dace da darasin fassara da nazarin zube a manyan azuzuwan sakandare, akwai babin farko na littafin *Three Men in a Boat*, wato mutum uku a cikin kwalekwale, na marubucin Ingila Jerome K. Jerome (1859-1927). An buga littafin a birnin Bristol a shekarar 1889. Labari ne na abokai uku da karensu, waɗanda suka yi tafiyar mako biyu a kogin Tems, daga Kingston zuwa Oksfod. Da farko marubucin ya ƙudura rubuta jagorar matafiya ne mai ɗauke da tarihin garuruwan bakin kogin, amma sai raha ta rinjayi tarihi. A babin da muke magana a kansa kuwa ko ruwa ba a taɓa ba. Mutanen uku suna zaune ne a ɗaki a Landan, kowa yana kukan ciwon da ke damunsa, alhali kuwa dukkansu lafiyarsu ƙalau.

Tauraron, wanda kuma shi ne mai ba da labarin, ya ce hantarsa ce ta lalace. Hujjarsa ita ce ya karanta takardar tallar wani maganin hanta, ya ga duk alamomin da aka jera yana da su, musamman ƙyuyar aiki. Daga nan ya tuna ranar da ya shiga ɗakin karatu na Gidan Tarihin Birtaniya domin duba maganin wata 'yar mura, ya buɗe kundin likitanci, ya bi cututtuka bisa jerin abacada tun daga farko har ƙarshe. Taifot, kwalara, mashaƙo, ciwon ƙoda, masassara, duk ya same su a jikinsa. Cuta ɗaya tak ce ta tsallake shi, wato kumburin gwiwa da ke kama 'yan aikin gida. Ya tafi wurin likita, wanda abokinsa ne. Likitan ya duba shi, ya rubuta masa takarda, shi kuma bai buɗe ba sai ya miƙa wa mai kemis. Ashe abin da ke ciki nama ne da giya da tafiyar mil goma kowace safiya da kwanciya da wuri, sai gargaɗin ya daina cusa wa kansa abin da bai fahimta ba.

Wanda ya karanta wannan taƙaitawa zai zaci jigon babin gargaɗi ne kawai, kuma a nan ne muke ganin yawancin malamai za su yi tuntuɓe. Mun saba da tambayar ɗalibi darasin da labari ya koyar, ya amsa da jimla ɗaya, a ba shi maki a wuce. Ƙarfin wannan babi yana cikin muryar mai ba da labari ne. Mutumin bai taɓa yin dariya ba, bai kuma taɓa nuna ya san abin dariya yake faɗa ba. Yana bayani cikin natsuwa da tsari irin na masana, yana auna bugun jijiyarsa da agogo har ya ƙirga 147 a minti guda, yana rufe ido ɗaya domin ya hango harshensa. Hanyar bincikensa kamar ta ilimi ce, abin da ya cim ma kuwa shirme ne, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce rahar. Mai karatu ne aka bar wa aikin gano ta.

Wannan ya bambanta da abin da ɗalibanmu suka saba gani a *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933. A can ma tauraro ne ke ba da labarinsa da bakinsa, amma Alhaji Imam ya san abin da yake yi, shi ke shirya wa Malam Zurƙe tarko, mu kuma muna dariya tare da shi. A wurin Jerome, mai maganar shi ne abin dariyar, kuma da bakinsa yake tona kansa ba tare da ya sani ba. Kwatanta waɗannan muryoyi biyu a aji ɗaya ya isa hujjar shigar da matanin cikin manhaja, musamman ga ɗaliban da Hausa ba harshen uwa ba ce gare su, domin su ne suka fi ɗaukar gatse a matsayin magana ta gaskiya.

Akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Me ya sa kumburin gwiwa ne kaɗai ya tsallake tauraron? Wannan ciwo kumburi ne na 'yar jakar ruwa da ke gaban ƙoƙon gwiwa, kuma yawan durƙuso wajen goge daɓe ne ke kawo shi, shi ya sa aka laƙaba wa 'yan aikin gida. Wato ke nan ciwo ne da sai an yi aiki ake samunsa, ga shi kuwa mutumin nan babbar alamar cutarsa ita ce ƙyuyar aiki. Marubucin bai fito fili ya haɗa biyun ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne tauraron ya ji haushi da farko, kamar an yi rabo an hana shi kasonsa, daga baya ya haƙura domin kada ya zama mai haɗama. A nan cuta ta koma dukiya, rashinta kuma ya koma ƙasƙanci. Haka kuma, da aka kawo musu abincin dare, majinyatan uku suka cinye nama da albasa har da kayan zaƙi. (A gefe guda, kalmar da Turawa suka daɗe suna kiran wannan waswasi da ita ta samo asali ne daga Girkanci, ma'anarta ƙarƙashin guringuntsin haƙarƙari, inda hanta da saifa suke. Ko da gangan ne ko dace, tauraron bai yi nisa da asalin kalmar ba.)

Ta fuskar harshe, babban haɗarin da ke gaban mai fassara shi ne kalmar "wai". Da zarar an ce wai yana da kwalara, an gaya wa mai karatu cewa ƙarya ce, an kuma ƙwace masa aikin da marubucin ya bar masa. Haka lamarin yake idan malami ya mayar da labarin bakin mutum na uku. Wajibi ne a bar shi da "na duba, sai na ga, sai na tabbata", a kuma yi tsumulmular amsa-kama da kalmomin motsin rai, duk da cewa su ne kayan adon raha a Hausa. Hausar da ta dace da wannan tauraro ita ce ta mai rubuta rahoto, irin wadda muke rubutawa yanzu.

Sai dai ba za mu ɓoye damuwarmu ba. Cututtukan da aka jera ba abin wasa ba ne ga yaranmu. Ɓarkewar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022 ta yi ɓarna ƙwarai a Kano a 2023, kuma ba wuya a sami ɗalibin da ya rasa ƙane ko ƙanwa a lokacin. Masu karatun Jerome ma ba baƙin wannan ba ne, domin kwalara ta yi kisa a Landan a 1866, maganin mashaƙo kuwa sai bayan fitowar littafin aka samo shi. Abin da ake yi wa dariya shi ne mai lafiyar da ya ari cuta daga littafi, kuma dole malami ya tabbatar aji ya fahimci haka. Kada ɗalibi ya fita da tunanin cewa zuwa asibiti ragwanci ne, domin tauraron, duk da wautarsa, wurin likita ya nufa. Ya kamata kuma a san cewa waswasin ciwo idan ya yi tsanani lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, suke kuma yi wa magani. Takardar tallar maganin hanta kuwa ba ta bukatar dogon sharhi ga yaron da ya taɓa jin mai tallar magani a tasha yana jera alamomin shawara da basir ta lasifika, ko ya ga wani yana binciken ciwonsa a intanet.

Game da giyar da ke cikin takardar likita, ra'ayinmu shi ne a bar ta in fassara ake yi, tunda Ingila ce ta 1889, malami ya yi bayani. Wanda ya ga aji ba zai ɗauka ba yana iya sauya ta, amma ya rubuta a fili cewa ya sarrafa labarin ne, kamar yadda Imam ya sarrafa labaran ƙetare a *Magana Jari Ce*.

Jerin abacada ne muka zaci zai gagara, domin sunayen cututtuka ba za su faɗa kan haruffan da suke kai a Ingilishi ba. Da muka gwada sai muka ga Hausa ta ba da hanya: tauraron yana iya farawa da amai da gudawa, ya bi ta farfaɗiya da kuturta da mashaƙo da shawara, ya tiƙe a zazzaɓi. Muna ba da shawarar a bar wa ɗalibai su tsara wannan jeri da kansu, sa'an nan su nemo sunan da za su ba ciwo ɗayan da ya tsallake shi, bisa sharaɗin ya zama ciwon da sai mai aikin ƙarfi ke samu.