Jinjina ga Ɗaliban da Ke Koyar da Junansu

Kafin jarrabawar WAEC da NECO, akwai aikin da ba ya fitowa a takardar sakamako. Bayan an tashi, 'yan ajin ƙarshe na sakandare kan zauna su yi wa juna bitar Bayoloji. Wadda ta gane dokokin gado na Mendel za ta tsaya gaban allo tana maimaitawa, ba gajiya, alhali nata karatun na jiranta. Wani ya ƙware a zanen zuciya da ɗakunanta huɗu, sai ya bi kowa yana gyara masa sunayen sassa, domin kuskuren harafi ɗaya kan cinye maki. Littafi guda ya zagaya aji. Inda malamai suka yi ƙaranci, ba domin waɗannan yara ba, da na baya sun sare tun kafin ranar jarrabawa.